Lilon Sarkin Tsatsa

"Ina gajiya, Sarkin Tsatsa?"

"Da babu, sai da na gan ki, Kabewa. Ya aikin rusau?"

"Da godiya. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gaishe ki, ya ce a faɗa miki yana nan tafe."

Haka suke gaisawa. Ni ce a tsakiya: shi mahaifina ne, ita kuma 'yata, kuma tun da ta iya magana ban taɓa jin sun yi wa juna gaisuwar kirki ba. In kaka da jika suka fara, na tsakiya nasa ido. Ina bakin ƙofa ina shanya kayan Baba, bayan na gama zazzage aljihunansa kamar kullum: ƙusoshi, guntun alli, da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da na taɓa jefarwa Baba ya kusa tashin gidan, sai da na tono masa shi a shara. Hannuna yana kan igiya, amma Allah ya sani hankalina yana wurinsu.

Gidanmu ne na ƙarshe a layi, daga shi sai filin da hukumar birni ta ce za ta gina wurin shaƙatawa, irin mai manyan na'urorin wasa, wai don baƙi su riƙa zuwa daga nesa suna kashe kuɗi a garin. A bakin filin, taku goma daga ƙofarmu, akwai lilon ƙarfe da Baba ya haɗa da hannunsa shekara talatin da biyar da suka wuce, lokacin yana ganiyar aikin walda. Na hau shi, tsarana sun hau, yanzu jikokin wasunsu ke hawa, ba wanda aka taɓa ce wa kawo ko sisi. 'Yata kuwa a ofishin tsara birni take aiki. Ita da abokan aikinta ne ke bin filin suna shafa jan fenti a jikin duk abin da za a kawar. Jiya sun shafa wa rumfar mai faci da matacciyar motar nan da ta shekara goma ba taya. Yau ranar lilo ce. Baba ya sani, shi ya sa tun da safe ya fito da kujerarsa ya dasa a gindinsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar mai jiran ɓarawo.

Ta tsaya a gabansa da hular kwano a ka, jaka a kafaɗa, takardu a hannu.

"Wannan kwanon da kika kifa a ka fa? Har a ofis an san ke mai faɗuwa ce?"

"Kariya ce, tsoho. An ce mana za mu ratsa inda ake jibge tsoffin ƙarafa. Ina zuwa kuwa na tarar da ɗaya a kan kujera yana magana."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"In zuma ce ba. Kai baƙin mai ne."

"To yi min bayani, tunda kin yi karatu. Wai me za ku dasa a nan?"

"Abin da idonka bai taɓa gani ba. Ƙatuwar taya mai kujeru, ta fi bene goma tsayi, tana juyawa a hankali, in ka kai ƙololuwa ka ga birnin nan kaf. Ga ɗan jirgin ƙasa da zai hau sama ya sulalo a guje. Ga tafki da kwale-kwale. Ga fitilu ko'ina."

"Sannan mutum ya sauka a ina?"

"A inda ya hau mana."

"Ikon Allah! Wato mutum ya baro ƙasarsu, ya sha tafiya, ya kama ɗaki a otal, ya biya kuɗi, a ɗaga shi sama, a juya masa hanji, a dawo da shi inda aka ɗauko shi. Ni da na shekara talatin da biyar ina yi wa mutane haka kyauta, ashe ni ne wawa."

"Sai yau ka gane? Mu mun daɗe da sani, kunya ce ta hana mu faɗa."

"Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ke kin fi kowa sanin wannan karin maganar, a haɓarki aka rubuta ta."

Na ga hannunta ya kai ga haɓarta ba tare da ta sani ba. Akwai tabo a wurin, ɗinki biyar. Tana da shekara bakwai ta faɗo daga lilon nan, Baba ne ke tura ta, ba kowa a wurin sai su biyu. Ina cikin gida na ji ihu, sai ga shi ya shigo da ita a hannu. Ni na saɓe ta zuwa asibiti, jini har bayan rigata. Da muka dawo lilo yana rataye lafiya lau. Baba ya ce yarinya ce ta saki sarƙa ta faɗo tim kamar kabewa daga kan rumfa, sunan kuma ya bi ta. Ita ta ce ba ta saki ba. Shekara ashirin ke nan suna wannan shari'a ba alƙali, kuma tun ranar ko inuwar lilon ba ta yarda ta taka ba.

"Ban saki ba."

"Kin saki."

"Ban saki ba, Sarkin Tsatsa."

"To sarƙar ce ta sake ki? Waldata ba ta taɓa karyewa ba. Akwai ƙofar da na haɗa, gidan ya rushe, ƙofar tana nan tsaye ita kaɗai tana jiran a gina mata wani."

"Na san ta. Ba ta buɗuwa ne, shi ya sa mutanen gidan suka fasa bango suka fita."

"Bar zancen ƙofa. Baƙin nan da kuke gayyata, me za su ƙare mu da shi? Baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe."

"Raɓar ma in ta yi yawa tana jiƙa ƙasa. Dubi filin nan tsakaninka da Allah, Kaka. Me ke cikinsa ban da leda da fasassun kwalabe da karnuka? Samarin layin nan nawa ne ke wuni bakin kwalbati ba aikin fari ba na baƙi? In an buɗe wurin, wani zai yi gadi, wani zai sayar da ruwa, mai tasi zai samu, mai faci zai sami rumfar da ba ta yoyo. Har hanyar nan da ta cinye maka takalma uku za a shimfiɗa mata kwalta."

"Ni fa? Ni me zan samu?"

"Kai ai kai ne babban jarinmu. Za mu gina maka ɗakin gilashi a bakin ƙofa, mu rubuta: ga mutumin da aka ƙirƙiro tsatsa a gaban idonsa. Baƙi su yi layi suna ɗaukar hoto. Sai dai a hana su miƙa maka abinci da hannu, don kana cizo."

"Da wane haƙorin?"

"Da ɗayan nan da ya rage. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido."

Baba ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa, dariyar ba ta dawo ba. Ya sauke ƙafarsa, ya dafa ƙarfen lilon.

"Za a zagaye wurin da katanga?"

"Za a zagaye."

"Da ƙofa, da mai yankan tikiti?"

"Da su."

"To yaron da ubansa ba shi da abin ba shi fa? Ya tsaya a waje yana leƙe ta ramin ƙofa, 'ya'yan baƙi suna ihu a sama, a filin da ya koyi tafiya? Ki zo in an taso daga makaranta ki ga yawansu, sai na raba musu layi. Ni ba tayarku nake ƙi ba, Kabewa. Ku gina ta har ta taɓo gajimare. Amma in kin shafa ja a jikin wannan, a jikinsu kika shafa."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa komai ba, kuma wannan ne iyakar kusantarsa da roƙo. Tausayinsa ya kama ni, haushin 'yata kuma ya taso min.  Ita ko ta durƙusa, ta buɗe jaka, ta fito da gwangwanin jan fenti ta ajiye a ƙasa.

"Da wani suka aiko, da ya fi min sauƙi," in ji Baba.

"Gajen haƙuri gare ka, tsoho. Mutum ya kai shekarunka amma bai iya jira ba?"

Ta sake sa hannu a jaka ta fito da gwangwani na biyu, ta ajiye kusa da na farko. Wannan kore ne.

"Ja na abin da za a kawar ne. Kore na abin da za a bari. Duk abin da ya sami kore, dole katanga ta kauce masa ta bar shi a waje. Ba ƙofa, ba tikiti."

"To me kike jira? Shafa mana! Ko sai na riƙe miki hannu kamar ranar da kika fara rubutu?"

"Ba a shafa kore da baki. Ƙa'ida ce. Ma'aikacin da zai sa hannu sai ya gwada abin da jikinsa, ba da ido ba, sannan ya cike takarda. Abokin aikina aka ba layin nan. Shi ba ya gwada komai, ja yake shafawa ya wuce shan shayi. Sai da na karɓar masa layuka biyu masu kwata kafin ya yarda ya bar min wannan."

Baba ya dube ta, ya dubi lilon, ya sake dubanta.  Ni kuwa haushin da na ji ya koma kunya, na sunkuya kamar ina neman wani abu a kwando.

"Wato ke za ki hau?" ya ce da ƙyar. "Ke? Bari a kira motar asibiti ta tsaya kusa tukuna."

"Ni ba tsoro nake ji ba. Ƙarfen nake tausayi."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga gwiwarki nan tana kaɗa ganga."

"Sanyi ne."

"A wannan ranar?"

Ta zagaya lilon tana ƙwanƙwasa ƙarafansa da bayan biro, tana jan lokaci, kowa ya ga haka.

"Wannan sarƙa biyu-biyu a kowane gefe fa? Lilo ne ko turken raƙumi?"

"Ado ne. Ke me kika sani a ado, mai yawo da kwano a ka?"

"Yashin nan da ka jibge a ƙasa?"

"Na kaji ne, su yi birgima."

"An kuma ce kullum da safe kafin kowa ya fito kana hawa kai kaɗai kana lilo kamar jariri."

"Maƙiya ne. Zama nake ina hutawa."

Ba maƙiya ba ne, ni shaida ce. Kowace safiya sai ya zauna a kai da dukan nauyinsa, ya jijjiga, ya bi sarƙa yana ja ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai. Na daɗe da ɗaukar abin a matsayin rigimar tsufa na ƙyale shi.

Ta cire hular kwanon ta miƙa masa.

"Mayar da abarki," ya ce, muryarsa ta canza.

"Yara ba da hula suke hawa ba. Riƙe min, ko ka kifa a kan sanƙon nan, rana ta huta da kallon kanta."

Ta zauna. Ta kama sarƙa har jijiyoyin hannunta suka fito. Ina tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata, ina ji kamar in ce ta sauka. Baba ya ajiye hular, ya koma bayanta, ya taɓa ta da yatsu biyu.

"Turawa kake, ko ƙuda kake kore min?"

"Ina tsoron kada ki tashi sama ki faɗa kan baƙin da ba su iso ba."

"Tura, tsoho. A takarda an ce a gwada, ba a ce a lallaɓa ba."

Ya tura. Lilo ya tafi ya dawo. Ya sake turawa da ƙarfi. Sai ga ma'aikaciyar ofishin tsara birni tana kurma ihu, ido a rufe gam.

"Wayyo Mama!"

"Bar uwarki, ba ita ta aike ki ba. Buɗe ido!"

"Ba zan buɗe ba!"

"To me za ki rubuta? Na gwada a makance?"

Ta buɗe ɗaya, ta buɗe na biyu. Ihun ya tsaya. Can da lilon ya kai ta sama, sai na ji wata dariya da rabona da ji tun tana 'yar shekara bakwai.

"Ina hango rufin gidanmu! Ga tankin ruwa! Kai, tsoho, ga hularka da ka ce maƙwabta sun sace, tana kan rufi!"

"Ƙarya kike!"

"Abin da babba bai hango ba, yaro ya hau lilo ya hango!"

Ita tana kallon rufi, ni ina kallon Baba. Duk inda lilon ya yi, yana biye da hannuwa a buɗe, yana ɗingishi gaba da baya, leɓɓansa suna motsi. Bai sauke hannuwan nan ba sai da ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Ta sauko, ta zauna daɓas a yashin kaji, ta jawo takarda tana haki.

"Ana amfani da shi, e. An gwada, e, Allah ya isa. Saura tambayar ƙarshe: shin abin ya taɓa karyewa da mutum a kai? Wannan kam ba sai na tambaye ka ba, shekara ashirin ina jin amsar. A'a."

Ta kai biro kan takarda.

"Dakata," in ji Baba. "In aka ce e fa?"

"In aka ce e, ya rage ga wanda ya gwada. Yana iya buɗe ja."

Ya dubi gwangwanayen nan biyu. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ya hana ni jefarwa. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Zoben sarƙa ne, ya buɗe daidai wurin walda. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sa mata shi a tafin hannu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ke kika saki ba. Wannan ne ya saki. Ni na haɗa shi, ina sauri ranar, wuta ba ta ci shi sosai ba. Kuna asibiti na cire shi na sa wani. Na ji tsoron in na faɗa, uwarki za ta sa a sare lilon. Na kuma ji kunyar a ce waldata ce ta zubar da jinin jikata. Hannunki yana kan sarƙa har kika kai ƙasa. Ni na ɓamɓare yatsunki daga jikinta."

Rigar ta suɓuce daga hannuna ta faɗi cikin ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don shekara ashirin ina ce wa yarinyar nan ta riƙa riƙe abu da kyau, ko kofi ta ɗauka. Amma gaskiya ya faɗa, da na sani a ranar, da ko ƙusa ɗaya ba ta kwana a wurin ba. Na rasa wanda zan yi wa faɗa a cikinmu, sai hawaye suka zubo min.

'Yata ta juya zoben a hannunta, ta juya, ta sake juyawa. Ta dubi sarƙa biyu-biyun, ta dubi yashin da take zaune a kai. Baba bai ɗago kai ba.

"Wato," ta ce a hankali, "shekara ashirin ina amsa Kabewa a banza?"

"Sunan kam ya zauna. Na yi masa walda."

"Waldarka? To da sauƙi, zai karye."

Dariya ta ƙwace masa, ido jajur, yana gogewa da hannun riga. Ita kuwa ta gyara takarda a gwiwa, tana rubutu tana karantawa da ƙarfi don ya ji.

"E, ya taɓa karyewa sau ɗaya, shekara ashirin da suka wuce. Tun ranar sarƙarsa biyu-biyu ce, kuma akwai wani tsoho mai taurin kai da ke gwada shi da jikinsa kowace safiya. Wadda ta faɗo ta sake hawa yau."

"Cire mai taurin kai."

"Takardar hukuma ce, ba a ƙarya a ciki."

Ta ture jan gwangwanin gefe da ƙafa, ta ɓalle murfin koren, ta miƙa masa ya riƙe. Ta zana ƙaton da'ira a jikin ƙarfen, daidai tsayin da yaro zai gani. Gwangwanin ya karkace a hannun Baba har fenti ya ɗiga masa a takalmi.

"Shi ke nan, kai ma ka sami kore," ta ce. "Katanga za ta kauce maka. Ungo ƙarfenka."

"Riƙe shi, na ba ki. Ya huda min aljihu ya fi goma."

"Kyautar ke nan? Jikokin mutane ana ba su gida da mota, ni guntun tsatsa?"

"Ki kai wa masu haɗa tayar nan taku. Ki ajiye musu a kan tebur, ki ce in ji wani tsohon mai walda, kada su yi sauri."

Ta sa zoben a aljihun gaban rigarta, ta ɓalla maɓallinsa, ta dafa wurin da tafin hannu.

"Zan kai. Amma ka sake faɗar abin nan sau ɗaya, Mama ba ta ji da kyau ba."

Baba ya waiwayo ya dube ni, ya dube ta, ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka kama da kayan sata, yana dariya da haƙorinsa ɗaya.

"Ba ki saki ba, Kabewa. Ba ki saki ba."